Wurin Karatu da Matsalar Ƙara: Abin da Ya Kamata Ɗalibin Harshe Ya Sani

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, ɗalibai kan rabu gida biyu a kan maganar wurin karatu. Akwai masu cewa in ba inda aka yi tsit ba, babu abin da ke zama a kansu. Akwai kuma masu cewa shiru barci yake sa su, sun fi son gindin bishiya, ko ƙarƙashin fitilar bakin titi, ko ma fada inda abokai ke dafa shayi. Kowane ɓangare yana da tasa hujja, kuma masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 50 suna gwaje-gwaje a kan wannan batu.

Wannan takarda za ta duba wasu daga cikin abubuwan da aka gano. Abin da za ta fi tsayawa a kai shi ne, ƙarfin ƙara kaɗai ba ya nuna irin ɓarnar da take yi wa mai karatu. Dole a duba wace irin ƙara ce, a kuma duba wane aiki ɗalibi ke yi a lokacin. Batun ya fi shafar ɗalibin harshe a kan sauran ɗalibai, domin magana ce kayan aikinsa, kuma kamar yadda za a gani, maganar mutane ita ce ƙarar da ta fi kowace shiga tsakanin mutum da littafinsa.

2.0 Ma'aunin ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell. Wannan ma'auni ba ya tafiya kamar awon mudu, inda mudu 20 ke zama ninki biyu na mudu 10. Duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, kunne kuwa yakan ji kamar ƙarar ta ninka sau 2. Raɗa tana kai kimanin desibel 30, ɗakin karatu mai natsuwa kimanin 40, hirar mutum biyu kimanin 60, babban titi mai cunkoson motoci da babura kuma 80 ko fiye da haka.

A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke shigowa aji lokacin darasi ta wuce desibel 35. Duk wanda ya taɓa zama a aji mai rufin kwano ana ruwan sama, ko a rumfar zana da ke jingine da wata rumfar, ya san akwai nisa tsakanin wannan shawara da halin da ake ciki.

Akwai abu biyu game da wannan ma'auni da za su amfani ɗalibi kai tsaye. Na farko, a fili inda babu bango, duk lokacin da mutum ya ninka tazararsa da tushen ƙara, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Wanda ke zaune mita 5 daga janareta ko injin niƙa, in ya matsa zuwa mita 20 ya rage kimanin desibel 12 ke nan, ba tare da ya kashe ko sisi ba. Na biyu, masana lafiyar ma'aikata sun ɗauki desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Ɗalibin da ke toshe kunnuwansa da kiɗan waya, yana ƙure sautin don ya danne hayaniyar ɗakin kwana, yana iya wuce wannan iyaka bai sani ba.

3.0 Ƙara mai ƙarfi da ta daɗe

Babu gardama a kan cewa ƙara mai ƙarfi, wadda ake sha kullum, tana dakushe karatu. Misalin da aka fi ambata ya fito ne daga birnin Niyok na Amurka. A 1975 Arline Bronzaft da Dennis McCarthy sun buga sakamakon nazarin da suka yi a wata makarantar firamare da layin dogo ya bi ta gefenta. Jirgi na wucewa kusan kowane minti huɗu da rabi, malami ya dakata har ya wuce. Ƴan aji shida da azuzuwansu ke fuskantar layin sun kasance a baya da kusan shekara guda wajen iya karatu in an kwatanta su da takwarorinsu na ɗaya gefen ginin. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya. Daga baya aka sa roba a layin dogon, aka liƙa wa rufin azuzuwan abin tsotse sauti, kuma a binciken da Bronzaft ta buga a 1981 bambancin ya ɓace.

An ga irin wannan a Jamus, lokacin da aka rufe tsohon filin jirgin saman Munich aka buɗe sabo a 1992. Yaran da ke kusa da tsohon filin karatunsu da riƙonsu sun gyaru, na kusa da sabon kuwa nasu ya ja baya. Sai dai waɗannan bincike a kan yara aka yi su, kuma a kan ƙarar da ba su da ikon guje mata. Tambayar babban ɗalibi daban ce: cikin wuraren da yake da zaɓi a kansu, wanne zai zauna?

4.0 Me ya sa magana ta fi ɓarna

Idan aka faɗa wa mutum lambar waya babu alƙalami a hannunsa, yakan riƙa maimaita ta a zuci har ya sami inda zai rubuta. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch suka gabatar da bayani a kan ma'ajiyar wucin-gadi ta ƙwaƙwalwa, wato inda ake riƙe abu na ƴan daƙiƙoƙi ana aiki da shi. Wani sashe na wannan ma'ajiya da sauti yake aiki. Ko da ido mutum ya ga rubutu, yakan juya shi zuwa sauti a zuci kafin ya riƙe shi. Ana iya kiran wannan muryar zuci. Da ita mai karatu ke riƙe farkon doguwar jimla har ya kai ƙarshenta, da ita kuma mai koyon harshe ke riƙe sabuwar kalma kafin ta zauna.

A 1976 Herbert Colle da Alan Welsh suka yi wani gwaji mai sauƙi. Sun nuna wa ɗalibai masu jin Ingilishi jerin haruffa, su riƙe su maido da su bi da bi. Wani lokaci ana yi cikin shiru, wani lokaci kuma ana sa musu muryar mai karanta Jamusanci, harshen da ba su ji, an kuma ce su yi watsi da ita. Duk da haka kurakuransu sun ƙaru. Pierre Salamé da Baddeley sun faɗaɗa wannan bincike a 1982, wasu da dama kuma suka biyo baya. Abubuwa uku suka riƙa fitowa.

Na ɗaya, ba sai mutum ya fahimci maganar take ɓata masa riƙo ba. Na biyu, kuma shi ne ya fi ba da mamaki, ƙarfin muryar bai cika canja komai ba: matuƙar ana jin ta sarai, maganar da ake yi ƙasa-ƙasa tana ɓarna kusan daidai da wadda ake yi da ƙarfi. Na uku, ƙara mai tafiya bai ɗaya, irin ta fanka ko zubar ruwan sama, ba ta yin wannan ɓarna sosai ko da ta fi maganar ƙarfi.

Dylan Jones da William Macken sun bayyana dalili a 1993. A ganinsu, abin da ke damun ƙwaƙwalwa shi ne sauti mai sauyawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ƙwaƙwalwa ba ta iya barin irin wannan sauti ya wuce ba ta jera shi ba, ko mai ita ya so ko bai so ba, jerin da take yi masa kuwa sai ya ci karo da jerin da ɗalibi ke ƙoƙarin riƙewa. Sun nuna cewa ko busa ce mai hawa da sauka, ba kalma ko ɗaya, tana yin irin wannan ɓarna. Ɗalibin tsarin sauti zai gane dalilin da ya sa magana ta yi fice a nan: baƙi na bin wasali, gaɓa na bin gaɓa, a Hausa kuma ga karin sauti na hawa da sauka a kan kowace gaɓa.

Saboda haka ɗakin karatu ba ya zama wuri mai kyau don kawai an rubuta "a yi shiru" a bangonsa. Mutum biyu da ke raɗa a teburin baya sun fi cutar da mai karatu a kan fankar da ke gurnani bisa kansa, ko da yake na'urar awo za ta nuna fankar ce ta fi ƙara.

4.1 In maganar tana da ma'ana

Abin da aka faɗa a sama ya shafi riƙe jeri ne, kamar haddar kalmomi ko jadawalin wakilan suna. In aikin na fahimtar rubutu ne, ma'ana takan shigo. A 1988 Randi Martin da abokan aikinta sun nuna cewa maganar da mai karatu ke fahimta ta fi hana shi gane abin da yake karantawa a kan wadda ba ya fahimta. Tun a 1959 Neville Moray ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane sukan ji sunansu in an ambace shi a cikin maganar da suka kawar da hankalinsu daga kanta. Wato kunne ba ya rufewa, yana nan yana tacewa.

Wannan yana da nauyi ga ɗalibin da ke zaune a gari mai harsuna da yawa. Wanda ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci a Yamai, ko Hausa da Fillanci da Faransanci a Garwa, kusan duk hirar da ta tashi kusa da shi tana da ma'ana a wurinsa. Baiwar da ta kawo shi sashen harsuna ita ce kuma ke ƙara masa ƙofofin da surutu ke shigowa ta cikinsu.

Mafi muni a cikin hirarraki ita ce ta mai amsa waya. A 2010 Lauren Emberson da abokan aikinta a Jami'ar Cornell sun gwada wannan, suka ga jin ɓangare ɗaya na hira ya fi ɗauke hankali a kan jin ɓangarorin biyu. Mai sauraro ba ya iya hasashen lokacin da muryar za ta tsaya ko ta dawo, sai hankalinsa ya yi ta jira.

5.0 Makarantar allo

A nan mai karatu zai iya kawo ƙorafi. In magana ce ke ɓata riƙo, yaya aka yi makarantar allo, inda yara da dama ke ɗaga murya lokaci guda kowa da inda yake karantawa, ta yi ɗaruruwan shekaru tana fitar da mahaddata a ƙasar Hausa da Barno? Baƙon da ya tsaya a ƙofar zaure hayaniya kawai yake ji.

Wani gwaji da Jones da Macken suka buga a 1995 ya ba da haske a kan wannan. Sun riƙa ƙara yawan muryoyin da ake sa wa masu gwajin. Murya ɗaya ko biyu su suka fi ɓarna. Da muryoyin suka kai shida, suna fitowa daga wuri guda, ɓarnar ta ragu ƙwarai, domin sun cakuɗe har ba a iya rarrabe gaɓar wannan da ta wancan. Amma in aka warwatsa su yadda kunne zai iya bin kowace daban, ɓarnar sai ta dawo. Taron muryoyi, in ya yi yawa, yakan koma kamar zubar ruwan sama.

Sannan almajiri ba shiru yake yi a cikin taron ba. Muryarsa ta fi kowace kusa da kunnensa, idonsa na kan allo, yatsansa na bin rubutu, jikinsa na rausaya da karin karatun. Binciken Colin MacLeod da abokan aikinsa a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa kalmomin da mutum ya furta da baki sun fi zama a kansa a kan waɗanda ya karanta a zuci. Malaman zaure ba su jira wannan bincike ba.

Abin lura kuma shi ne, tsarin tsangaya bai tsaya a kan hayaniya kaɗai ba. In karatu ya yi nisa, gardi kan fita bayan gari zuwa kiskali, ya keɓe kansa don tilawa da gyaran hadda, kuma ana ba karatun asuba da na dare muhimmanci, lokacin da gari ya yi shiru. Wato masu wannan tsari sun raba aiki: akwai na cikin taro, akwai na kaɗaici. Ɗalibin jami'a da ke kafa hujja da makarantar allo don ya karanta ƙa'idojin ginin jimla a tsakiyar fada ya ɗauki rabin darasin ne, domin a fada mutum uku ko huɗu ke magana ɗaya bayan ɗaya, kuma labarin da suke bayarwa ya shafe shi.

6.0 Kowane aiki da wurinsa

Aikin da ya fi kowane buƙatar shiru na ainihi a sashen harsuna shi ne na saurare: rubuta maganar da aka ɗauko a rikoda, sa alamar karin sauti da tsawon wasali, da darasin jin baƙon harshe. Dalili kuwa, sautukan magana ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasula suna da ƙarfi, suna iya ratsa hayaniya. Baƙaƙe, musamman zuzau irin su /s/ da /f/ da /h/, raunana ne, su ne ke fara ɓacewa. Bambancin da ke tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "daka" da "ɗaka", ko "bata" da "ɓata", ɗan ƙanƙani ne a kunne. Haka ma tsawon wasalin da ke raba "gari" na mazauni da "gari" na tuwo, da karin sautin da ke raba "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya.

Ɗan asalin harshe yakan cike abin da hayaniya ta cinye daga ma'anar jimla, sau da yawa ma bai san ya cike ba. Wannan kansa haɗari ne ga mai rubuta karin harshen wani yanki, domin zai iya rubuta abin da ya saba ji a maimakon abin da mai maganar ya furta. Mai koyo kuwa ba shi da abin cikewa. Bincike da dama sun nuna cewa mai sauraron harshe na biyu, ko da ya ƙware har ba a bambanta shi da ɗan harshen a cikin shiru, yakan sha wahala fiye da shi da zarar hayaniya ta shigo. Ɗalibin da ke ɗaukar lacca da Faransanci ko Ingilishi, in ya nemi kujerar gaba, nesa da taga, yana da hujja.

Haddar kalmomi da koyon furuci kuwa suna son wurin da mutum zai ɗaga murya ba tare da ya dami kowa ba. Ɗakin karatu bai dace da wannan ba. Aji bayan an tashi, ko gindin bishiya a bayan gini, ko tafiya a ƙasa ana maimaitawa, duk sun fi shi.

Masu son ƴar hayaniya suna da bincike guda da sukan dogara da shi. A 2012 Ravi Mehta da Rui Zhu da Amar Cheema sun sa wa mutane sautin da aka haɗa daga gidan abinci da titi da wurin gini mai nisa, a matakai uku: desibel 50 da 70 da 85. A ayyukan da ke buƙatar ƙirƙiro sabon tunani, waɗanda aka sa wa 70 sun fi na 50, na 85 kuwa sun koma baya. An yayata wannan sakamako fiye da ƙimarsa. Bai ce komai a kan hadda ko fahimtar rubutu mai wuya ba. Iyakar abin da za a ɗauka daga gare shi, mai neman ta inda zai ɓullo wa insha'i ko taken kundi yana iya zama inda ake ɗan kai da kawowa, in ya zo rubutawa ya koma inda ya fi natsuwa.

Sai maganar kiɗa da waƙa. A 2014 Nick Perham da Harriet Currie sun gwada fahimtar rubutu a yanayi huɗu: shiru, kiɗa zalla, waƙar da mutum ke so, da wadda ba ya so. Waƙa mai kalmomi ta rage fahimta, kuma son ta ko ƙin ta bai canja wannan ba. Waƙar baka ta Hausa kuwa kalma ce jarinta. Ɗalibin adabi ba zai iya sa Shata ko Ɗanƙwairo ya ce ba ya sauraron abin da suke faɗa ba, alhali an horar da shi ne ya saurara. Ko kiɗa zalla sai an zaɓa, domin kalangu yana kwaikwayon karin sautin magana, kuma wanda ya san take kalmomi yake ji a cikin kiɗan.

Ga wanda ba shi da zaɓi, kamar mai kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar, fanka ko wata ƙara mai tafiya bai ɗaya tana iya lulluɓe hirar maƙwabta har gaɓoɓinta su daina fitowa sarai. Ƙara ce aka ƙara, amma ɓarnar ta ragu. Mutane kuma ba ɗaya suke ba: a 2007 Göran Söderlund da abokan aikinsa a Suwidin sun ga irin wannan ƙara ta taimaki yara masu matsalar tattara hankali, ta kuma rage ƙoƙarin sauran.

7.0 Zafi da ɗakin jarrabawa

A yankin Sahel ba a raba maganar ƙara da ta zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Maraɗi da Damagaram yakan wuce digiri 40, lokacin kuma ɗalibai ke shirin jarrabawar ƙarshen shekara. In an rufe taga don a tare hayaniya, ɗaki ya zama tanderu. In an buɗe, titi ya shigo. Wani bincike da Jisung Park da abokan aikinsa suka buga a 2020, a kan sakamakon ɗalibai miliyan 10 a Amurka, ya nuna cewa shekarar karatu mai zafi tana rage abin da ake koya, musamman a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Lokaci ɗaya ne ke haɗa sanyi da shiru kyauta, wato daga asuba zuwa hantsi. Ya fi dacewa a ajiye masa aiki mafi wuya, da sharaɗin an kwanta da wuri, domin barci na cikin abin da ke zaunar da karatun jiya.

Akwai kuma dangantaka tsakanin inda aka koyi abu da inda za a tuno shi. A 1998 Harry Grant da abokan aikinsa sun sa ɗalibai karanta wani rubutu, wasu cikin shiru wasu cikin hayaniyar ɗakin cin abinci, sannan aka yi musu tambayoyi a ɗaya daga cikin yanayin biyu. Waɗanda yanayin karatunsu ya yi daidai da na tambayoyin su suka fi ci. Gwajin ƙarami ne, tasirin ma ba babba ba ne, amma ɗakin jarrabawa shiru gare shi, babu shayi, babu kiɗa a kunne. Wanda ya saba karatu cikin hayaniya zai amfana in ya ware wasu ranaku a makonni biyu na ƙarshe, ya zauna a kan teburi a aji marar kowa, da agogo a gabansa, ya amsa tambayoyin shekarun baya a daidai lokacin da za a yi jarrabawar.